Sunan da Yayata Ta Kira Sau Ɗaya

Shekarar da na aje alli, bayan na tsufa ina koyar da Faransanci a makarantun ƙasar Arewa, ɗiyar ƙanwata ta sauka gidana a Dogon Dutsi da jaka a baya da wata a hannu. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta shanye ba ta ce, "Kawu, an ba ni!" Na ce an ba ki me, miji? Ta harare ni ta ce tallafi aka ba ta, kuma in daina wasa, magana ce babba.

Yarinyar nan fim ta karanta a Yamai. Ba irin na raye-raye da soyayya ba, irin wanda ake ɗaukar mutane na gaske suna faɗin abin da ke damunsu. Akwai wata ƙungiya a ƙasar waje da ke tallafa wa masu irin wannan aiki a kan haƙƙin ɗan Adam, ta yi ta aika musu takardu suna mayar da ita, sai a wannan karon suka karɓa. Sharaɗinsu shi ne za su ba ta abin fara aiki, ta ɗauki wani yanki na fim ɗin ta aika musu da fassarar Faransanci a rubuce a ƙasan hoto. In sun gamsu su saki sauran. Fassarar nan ita ta kawo ta wurina. Ta ce Hausar tsofaffin ƙauye ta fi ƙarfin Faransancinta. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ta zo inda ake zuwa.

Na tambaye ta a kan me za ta yi fim ɗin. Ta ce a kan gamana, wato ƴar gonar da ake yanka wa mace daga gandu, wadda duk abin da ta noma a ciki nata ne, babu mai tambayarta. Ta ce mata da yawa suna rasa tasu yanzu da ƙasa ta yi daraja. Na ce to wace mata ta yarda ta tsaya gaban kamara? Ta ce, "Inna." Sai da na gyara zama, don wadda take kira Inna yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni.

Yaya tana zaune a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gamanarta tana bakin kwalta, tun tana amarya aka yanka mata ita. Wanda ke shirin karɓe ta kuwa ba wani baƙo ba ne, ɗanta ne na fari. Ɗan kasuwa ne mai sayen wake yana kaiwa ƙetaren iyaka, mai gemu da wando ɗangale, mai tsare salla, wanda ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Yana son ya gina mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a wurin don motoci su riƙa lodi a bakin hanya. A ganinsa kuma abin kunya ne a ce uwarsa tana duƙe cikin rana da kalme alhali shi yana da hali. Shinkafa da mai ba sa yankewa a ɗakinta. Ya riga ya sa an jibge bulo a gefen gonar, ya ce kafin ruwan shuka za a ja igiya a haƙa tushe.

Ita kuma ba ta iya ce masa komai. Kowa a nan ya san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon tsakar idonsa, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, can ya girma. Ya kusa hamsin, amma a bakin Yaya sunansa "wancan". Na je na yi masa magana a matsayina na kawu, ya tarbe ni da ladabi, ya ce, "Kawu, ita ta ce maka ba ta so? Ni ba ta ce mini ba." Da gaskiyarsa, ba ta ce ba. Shi ya sa ta yarda da fim. Ta ce wa yarinyar, abin da ba ta iya faɗa masa, ta faɗa wa wannan baƙin akwati, shi ya kai masa.

Na bi su ɗaukar hoton, cikin bazara, rana kamar ta dafa mutum. An kawo wa Yaya kujera a sa ta a inuwa, ta ce wa ya taɓa ganin an yi zancen gona a kan kujera. Ta ɗauki kalmenta ta shiga gaba, kamara na bin ta. Wallahi ranar na san ban san yayata ba. Matar da na sani da gajeriyar magana, sai ga ta tana zuba kamar an ɓalle tulu. Ta san inda ƙasa ta fi riƙe laima, da inda gara ke fitowa, da kusurwar da yakuwa ke so, da wadda in ka sa riɗi ka yi asarar iri. Tana dumbuzar rairayi ta murza ta faɗi abin da ya ci bara da abin da yake nema bana. Ta nuna inda ta noma gujiyar da ta aurar da ɗiyarta da ita. Ni da na yi shekaru ina tsaye gaban allo ana ce mini mushe, wato malam da Faransanci, na koma ɗan aji ɗaya, ina bin ta baki sake.

Da muka iso wurin bulon ta tsaya. Ta ce, "Wancan ya ce in huta. Mi na yi mishi da za shi hutar da ni? Hutu na nan tahe, ba sai shi ya kawo mini shi ba." Yarinyar ta san amsa, amma fim yana son a faɗa da baki, sai ta tambaya daga bayan kamara, "Inna, wa ke nan?" Yaya ta dubi dama ta dubi hagu, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta rage murya ta ce, "Bakina ba ya ɗaukar sunanshi."

Muka koma Dutsi, na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, da tabarau da ƙamus, kwana da kwanaki. Na yi fassara wadda ni kaina ta burge ni. "Wancan" na mayar da shi « cet homme-là », wato mutumin can. Maganar bakin nan kuwa na rubuta « Je ne peux pas dire son nom », ba ni da ikon faɗin sunansa. Kalma da kalma babu kuskure, ko sufeto ya duba ba zai sami abin ja da jan biro ba. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba in rubuta cewa ɗanta ne. Yarinyar ma ba ta lura ba. Abin da muka sha a nono, ina za mu tuna cewa akwai wanda bai sani ba?

Amsar da ta dawo ta kusa sa ni faɗuwa daga kan kujera. Mutanen ƙungiya suka ce hoton ya taɓa su ƙwarai, amma sun tsorata. Sun ga tsohuwa tana waige-waige, tana rufe baki, tana cewa ba ta iya faɗin sunan wanda ya ƙwace mata gona. A fahimtarsu wani babban mutum ne mai ƙarfi yake yi mata barazana. Suka ce sun dakatar da sauran tallafin sai sun tabbata ranta ba ya cikin haɗari, kuma in za a ci gaba sai an dushe fuskarta, an sauya muryarta, an ɓoye sunan ƙauyen, an jinkirta nuna fim ɗin a ƙasar.

Yarinyar ta karanta mini tana kuka tana faɗa. Ta ce, "Kawu, in an rufe fuskarta an sauya muryarta, wa zai ji ta? Don mutum ɗaya ta yi maganar nan!" Na fara hayaniya, ina cewa su waɗannan mutane ba su san komai ba, sun zauna cikin sanyi suna yanke wa mutane hukunci. Ta bar ni na gama, sannan ta juyo mini da ordinatar ta ce in karanta abin da na rubuta kamar ban taɓa zuwa Arewa ba. Na karanta. Kunya ta rufe ni. Ni ne na ɗauki alkunyar yayata na mayar da ita tsoro, da hannuna, da Faransancin da nake taƙama da shi. Ga shi kuma an fara ganin hadari yana leƙowa daga gabas, magina suna jiran umarni.

Aka shirya mu yi magana da matar da ke kula da takardunmu a can, ta cikin ordinatar, muna ganin juna. Na sa babbar rigata, na zauna a zaure inda layi ya fi kamawa. Dattijuwa ce mai furfura, mai sanyin magana. Kafin in buɗe baki ta ce mini sun taɓa ganin an cutar da wanda ya yi magana a fim, a wata ƙasa, kuma tun daga nan sun gwammace fim ya mutu da a taɓa mutum. Na ajiye faɗan da na shirya, don na ga ba raini ba ne, tsoron Allah ne irin nasu.

Na ce, "Madam, laifina ne. Mutumin nan ɗanta ne, ɗanta na fari." Ta ce to sun ɓata ne har ta ƙi kiran sunansa? Na ce a'a, tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa kira ba. Na shiga laluben kalmar da za ta ɗauki alkunya, na jawo wannan ta yi kaɗan, na jawo waccan ta karkace. Daga ƙarshe na ce mata a wurinmu mace tana ɓoye son da take yi wa ɗan fari, kuma yawan ɓoyewar shi ne yawan son. Sannan ta ce, "Shi ya san haka?"

Na buɗe baki zan ce mana, kowa ya sani. Sai na tuna shi yana yaro, in an kawo shi gidan ranar salla, yana tsaye bakin ƙofa yana kallon ƙannensa a kan cinyarta, ita kuwa ta juya masa ƙeya. Na ce mata gaskiya ban sani ba. Ta ce za su saki sauran tallafin, fuska da murya su tsaya yadda suke, amma da sharaɗi ɗaya: a ba ɗan nata dama ya ga abin da aka ɗauka, ya faɗi nasa a gaban kamara. Ba sa tallafa wa fim da zai kama mutum da laifi ba a ji bakinsa ba.

Ɗan nata bai yi gardama ba, don ya tabbata shi ke da gaskiya. Ya ce mu same shi a gonar ranar da za a ja igiya. Muka je da hantsi. Magina biyu sun riga sun kafa turaku, igiya ta miƙe ta ratsa gonar, ta bi ta kan wani tsohon kalgo da ke tsakiya. Yaya tana can gefe ta ba mu baya, wai tana tsintar itace. Ya tsaya gaban kamara cikin farar riga ya yi magana mai kyau, har ni sai da na gyaɗa kai. Ya ce addini ya ɗora masa ɗawainiyar uwarsa, ya ce mutane suna zunɗensa a kasuwa, ya ce bara ta faɗi a gonar nan sai ɗauko ta aka yi a amalanke. Ya ce, "Ni ba ƙwace na yi ba. Hutar da ita na yi."

Yarinyar ta ce to ya zauna ya ga nata. Muka tsuguna a inuwar gawo, ta buɗe ordinatar ta lulluɓa mayafinta a kai don hasken rana. Da farko yana kallo yana murmushi. Can murmushin ya ɗauke. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba.

Sai aka zo wurin kalgon, wanda ba ya cikin yankin da muka aika wa ƙungiya. A cikin hoton Yaya ta dafa shi ta ce nan naƙudar wancan ta kama ta tana noma, ita kaɗai, kafin mata su iso har ya faɗo. Nan aka binne mabiyiyarsa. Kalgon tsiro ne a lokacin, ta hana kowa sara, ko akuya ba ta bari ta taɓa. Ta ce kowace kaka gujiyar da ta fara tonowa daga gindinsa ita take dafawa ta ba a kai gidan kakarsa, ta ce kada a faɗi daga inda ta fito. Da ya girma ya tafi cin rani, sai ta riƙa ajiye masa a tukunya har ya dawo, a ba matarsa ta ce sayowa ta yi. Ta ce, "In anka zuba siminti nan, ina zan tono mishi?"

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kawu, gujiyar nan tata ce?" Na ce ni ma a wannan akwatin na fara ji. Ya tashi yana kakkaɓe riga, idonsa ja. Na ɗauka an gama. Ina! Namiji ne, ga magina na kallo, ga kamara, ga maganar da ya riga ya yi a kasuwa. Ya ce duk ya ji, amma lafiyarta ta fi, zai sa a noma mata gujiya a gandu. Ya juya ya nufi magina ya ɗaga musu hannu su fara. Babban cikinsu ya ɗauki gatari ya tunkari kalgon. Raina ya ɓaci, na miƙe zan zazzaga masa abin da ke bakina.

Ban kai ga magana ba. Daga bayanmu Yaya ta kira sunansa.

Ba da ƙarfi ba. Yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo, haka ta kira, sunan yanka cikakke. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya. Na girma a gindin matar nan, na san ta sha haihuwa da mutuwa da fari, ban taɓa zaton zan rayu in ji wannan kalma a bakinta ba. Maginin ya tsaya da gatari a sama, don shi ma ɗan ƙasar ne, ya san abin da kunnensa ya ji. Tana tsaye ta saki itacen da ta tsinta, ba ta rufe baki ba, tana kallonsa ido cikin ido.

Shi kuwa ya tsaya cak, bai juyo ba. Sai ya durƙusa cikin rairayi da farar rigarsa, ya amsa, "Na'am, Inna." Ya sake cewa na'am, ya sake, kamar ana ta kiransa, alhali sau ɗaya ta kira. Ƙaton mutum mai gemu yana kuka kafaɗunsa na rawa. Ba ta ce bar mini gonata ba, ba ta ce komai ba. Ni ma na zauna a ƙasa, ina ta salati. Da ya tashi, shi da kansa ya bi turakun nan yana tumɓukewa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe igiyar a hannu ya miƙa wa magina ya ba su haƙuri.

Kamara tana kunne duk wannan lokaci. A hanyar komawa gida Yaya ta ja yarinyar gefe ta ce, "Ɗiyata, ki bar komi, amma ki hidda wannan. Ba na duniya ba ne." Yarinyar ta san nan ne zuciyar fim ɗinta. Amma ta cire. Ta bar hoton, ta ɗauke sautin, saboda haka mai kallo yana ganin leɓen tsohuwa ya motsa, sai shiru, sai mutum ya zube. Da muka aika, dattijuwar nan ta tambaya ko na'ura ce ta sami matsala a wurin. Muka gaya mata dalili, ta ce kada a taɓa. Da na zo rubuta fassara a ƙasan wannan wuri, na daɗe da yatsa a kan madanni, sannan na bar shi fari.

Ruwa ya sauka bayan ƴan kwanaki, Yaya ta shuka gujiyarta, shi kuma ya kai mangazarsa wani fili can gaba. Fim ɗin ya fita, an nuna shi a ƙauyuka, na ji an ce wasu mata sun tsira da gamanarsu ta dalilinsa, amma wannan ban gani da idona ba. Abin da na sani shi ne Yaya ta koma "wancan" tun washegari, in ya shigo gaishe ta ta juya masa ƙeya kamar da.

Bayan kaka na biya ta mangazarsa ranar kasuwar Kore Mairuwa. Na same shi a ciki shi kaɗai a kan buhun wake, ya manna waya a kunne, bai ma ji sallamata ba. Da ya gan ni ya yi sauri ya tura ta aljihu. Daga baya yarinyar ta gaya mini ya je har Yamai ya same ta, ya roƙe ta abu ɗaya: ta sa masa ɗan guntun sautin da ta cire a cikin wayarsa. Ta ce ta tambayi Inna tukuna, Inna ta ce a ba shi, ai nashi ne.